Taku Goma Sha Biyu da Baya

Ranar Talata da hantsi motar ofishin yawon buɗe ido ta sauke baƙi goma sha takwas a gindin dutse. Suka hau matakalar siminti suna haki, kowa da malafarsa da robar ruwansa, suka shiga kogo don su ga ƙararrawar da aka cika musu kunne da labarinta tun daga tasha. Suka tarar da ƙugiya ita kaɗai a rataye, ƙararrawa kuwa ko sama ko ƙasa.

Kafin ƙarfe sha ɗaya babu wanda bai ji ba a garin. Kuma ba ƙaramin abu ba ne, domin garin nan ba shi da masana'anta, ba shi da babbar kasuwa, tsufa kawai gare shi, da shi kuma yake ci. Akwai ragowar ganuwa, akwai hasumiyar da ta karkace, akwai gidan tarihi mai ɗaki uku, sai magangarar ruwa da ake kai baƙi da yamma su jiƙa ƙafa. Amma duk waɗannan 'yan rakiya ne. Ƙararrawar kogo ake zuwa gani, wadda aka ce ayarin da ya kafa garin ne ya rataye ta a inda ya fara yada zango. Ga shi kuma an sace ta a ranar da wata masaniyar kayan tarihi za ta iso daga babban birni da ƙarfe huɗu don ta duba kogon.

Mai Sawu yana zaune a tsakar gidansa, ƙafafunsa a cikin bahon ruwan ɗumi, lokacin da 'yarsa Auta ta faɗo ko sallamar kirki babu. Shekara arba'in ya yi yana bin sawun dabbobin da aka sace da tsofaffin da suka ɓace a daji, har sunansa na yanka ya ɓata a bakin mutane. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido sai da tabarau, kuma ya riga ya gaya wa kowa ya daina.

"Baba, sun kama shi," in ji Auta. "Wai shi ya sace ƙararrawa."

Mijinta ne direban motar ofishin. Mai Sawu bai taɓa yi masa kallon mai wayo ba, amma bai taɓa yi masa kallon ɓarawo ba.

"Da me suka kama shi?"

"Da takalminsa na wankin mota. Wai sawunsa ne a dutse. Kofur ya ce da baƙuwar nan ta iso zai tafi da shi caji ofis. Baba, in ya kwana can, ko an sake shi wa zai sake ba shi mota a garin nan?"

Mai Sawu ya dubi ruwan bahon, da sauran ɗuminsa. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce ta miƙo masa tawul da sandarsa.

*

A gindin dutse ya tarar da taro kamar ana rabon wani abu. Masu sayar da ruwa, masu ɗaukar hoto, masu babur, kowa da ɓarawonsa a baki. Wasu na cewa direba ne, wasu na cewa maƙerin da ke ƙera ƙananan ƙararrawa na tsaraba ne, wasu kuma sun ɗora wa wani baƙo mai kyamara da ya zo makon jiya. Manaja, shugabar ofishin, tana tsaye da waya a kowane hannu, kana ganin idonta ka san ba ta karya ba.

"Baba, sannu da zuwa. Ban so a taso ka ba, amma ka ga halin da muke ciki."

Ta yi masa bayani a gurguje. Litinin ba a buɗe wurin. An yi ruwa jiya da rana, ya ɗauke wajen la'asar. Hanya biyu ce zuwa kogo: ana hawa ta matakalar siminti, a sauko ta hanyar ƙasa da ke bi ta gindin wata tsohuwar bishiya. Da safe, da aka ga babu ƙararrawa, jagoran baƙi ya so ya sauko da mutanensa ta hanyar ƙasa kamar kullum, sai ita ta hango sawu a bakin kogo ta sa aka ɗaure hanyar da igiya.

"Kin kyauta," in ji Mai Sawu. "Da ƙafa talatin da shida sun bi ta wurin, da sai dai mu karanta hatsaniya."

Jagoran nan ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun suna yara ake ce masa Aku saboda surutu, kuma da surutun ya samu abin yi: shekara talatin yana gaban baƙi da 'yar tutarsa ruwan ɗorawa yana ba su tarihi. Mai Sawu bai taɓa bin rangadinsa ko sau ɗaya ba. A ganinsa shi yana karanta ƙasa, ƙaninsa yana sayar da iska, kuma ya sha faɗa masa haka a gaban mutane. Yanzu Aku ya tafi da baƙin magangarar ruwa don a rage musu takaici.

Kofur ne ya hau da Mai Sawu, wani ɗan sanda mai ƙiba da ke ta duba agogo. Hawa matakalar ya ci wa Mai Sawu rai, sau uku yana tsayawa kamar mai kallon gari alhali numfashi yake nema.

Sawun na nan raɗau a kan jar ƙasa da ta fara bushewa. Takalmin roba ne dogo, a dugadugin hagu an yi masa faci da guntun taya. Layi ɗaya ne tak, daga bakin kogo zuwa ƙasa. Ɓarawon ya hau ta siminti, ya sauko ta nan.

"Ka gani ko?" in ji Kofur. "Facin nan duk garin an san shi. Kuma mun samu takalmin a wurin wankin mota bayan ofis, da jan laka a jikinsa."

Mai Sawu ya tsuguna da ƙyar, ya sa yatsa a cikin sawun.

"Takalmin nasa ne. Ƙafar ba tasa ba ce."

"Kamar yaya?"

"Duba gaban. Bai nutse ba, don babu yatsu a wurin. Ƙafar da ke ciki ba ta cika takalmin ba, tana ta zamewa. Surukina ƙafarsa kamar faranti take, da ƙyar yake cusa ta."

"Baba, alƙali ba ya auna yatsu. Takalmi nasa ne, an ga motar ofis ta fita jiya da la'asar, an tambaye shi inda ya je ya ƙi faɗa. Ka kawo min wani mutum da sunansa, ko ƙarfe huɗu in tafi da wannan."

Suka ci gaba da sauka gefen sawun. Daidai gindin bishiyar sai Mai Sawu ya tsaya cak. A nan sawun ya yi juyi a wuri ɗaya, daga nan kuma kan takalmin ya koma yana kallon kogo. Ya bi su yana ƙirgawa a zuci. Guda goma sha biyu, gajeru, tazararsu daidai wa daida, har zuwa wani falalen dutse. A kan dutsen mutumin ya sake juyawa ya ci gaba da sauka kamar kowa, har sawun ya ɓace a bakin kwalta.

"Ya koma sama ke nan?" in ji Kofur.

"Bai koma ba. Da baya ya yi tafiyar."

"Dabarar ɓad da sawu ce, mun saba gani."

Mai Sawu ya sake duban sawun. Mai son ɓad da sawu tun daga farko yake farawa, ba ya yin taku goma sha biyu a tsakiyar hanya ya gaji. Kuma wannan mutumin, da ƙararrawa mai nauyi a hannu, da takalmin aro a ƙafa, a kan gangara mai santsi, bai yi tuntuɓe ba, bai ko karkace ba. Mai Sawu ya tsinci 'yan duwatsu ya kewaye kowane sawu da su. Akwai wani abu a tafiyar nan da ke sosa masa zuciya, kamar muryar da ka sani a bayan katanga amma ka kasa tuna mai ita.

*

An ajiye direban a cikin motar Kofur, ƙofa a buɗe saboda zafi. Da ya ga surukinsa sai ya yi yunƙurin sauka ya durƙusa.

"Zauna. Ina ka je jiya da motar ofis?"

Direban ya sunkuyar da kai.

"Baba, wallahi ban je dutse ba."

"Ban tambaye ka inda ba ka je ba."

Auta ce ta matso, ta ce, "Ni ya kai filin bayan makaranta yana koya min tuƙi. Tun wata biyu muke yi duk Litinin. Ya ƙi faɗa ne don in Manaja ta ji an taɓa motar ba izini, korarsa za ta yi."

Mai Sawu ya dube su duka biyun, ya rasa dariya zai yi ko zagi.

"Wato ka gwammace a kira ka ɓarawo da a kira ka marar jin magana. Allah ya shirya. Wani ya gan ku?"

"Mun zaɓi inda ba kowa ne, Baba."

"Ai kun zaɓa da kyau."

Shaidar mata a kan mijinta, ya sani, ba za ta hana Kofur tayar da mota ba. Ya tambayi wa ke iya kaiwa ga takalmin. Direban ya ce kowa, a bayan ofis yake barinsa kife a kan turke ya bushe.

*

Rumfar tsaraba tana bakin hanya, inda baƙi ke jiran mota. Mai Tsaraba ce ke sayarwa, mijinta Maƙeri ke ƙera ƙananan ƙararrawan da aka jera a teburin. Yau babu ciniki, suna zaune kamar masu karɓar gaisuwa.

Mai Sawu ya fara da tambayarsu labarin baƙo mai kyamara. Mai Tsaraba ta ce gaskiya ne ya tambayi ko ana sayar da ta ainihin, amma cikin raha, kuma dogo ne zanƙalele, ta ga ya hau motar birni tun ranar Juma'a. Mai Sawu ya cire shi daga lissafi. Maƙeri kuwa tun yana tahowa ya cire shi, don mutumin yana jan ƙafar dama tun yarinta, ko takalmin wa ya sa ƙasa za ta faɗa.

"Na ji ana cewa ni na ɗauka zan narka," in ji Maƙeri yana murmushin takaici. "Su bar ganin ina shiru. Ko kyauta aka ba ni ba zan ɓata gawayina ba."

"Don me?"

Maƙeri ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Na taɓa hawa kujera na duba ta da kyau. Akwai wani layi a cikinta da hannu ba ya yi, aikin inji ne. Ayarin da ya kafa gari kuwa ban san inda ya samu inji ba. Na sauko na ja bakina, ai da ita nake ciyar da gida."

"Kai dai ka cika ɓaɓatu," in ji matarsa. "Baba, sha ruwa. Ni Malam Aku nake tausayi. Mutumin nan ƙararrawar nan kamar 'yarsa ce. Ka ga hotonsa ma da muke sayarwa, ya fi na hasumiya tafiya."

Ta zaro wani katin hoto daga cikin tarin ta miƙa masa. Ya gyara tabarau. Aku ne a gindin bishiya, fuskarsa na kallon kogo, bayansa na kallon gari, ya ɗaga 'yar tutarsa yana nuna hasumiya ta saman kafaɗa ba tare da ya waiga ba. A gabansa baƙi sun yi cirko-cirko suna dariya.

"Me ya sa ya juya wa hanya baya?"

"Au, ba ka taɓa gani ba? Kai da ƙaninka? Ai nan ne wurin da ya fi burge su. Daga bishiya har falalen dutse da baya yake tafiya, yana kallonsu suna kallon gari, yana faɗa musu ga ganuwa, ga hasumiya, ga kaza. Shekara talatin bai taɓa faɗuwa ba. In ya taka dutsen har tafi suke masa."

Mai Sawu ya daɗe yana kallon hoton. Ruwan da ta ba shi yana hannunsa, bai sha ba. Ya ji wata irin gajiya ta sauko masa wadda ba ta gwiwa ba ce, irin wadda zama ba ya maganinta. Ya so a ce idonsa ya ƙarasa mutuwa tun bara.

"Nawa ne katin?"

"Haba Baba, ɗauka kawai."

*

Ƙarfe uku motar haya ta dawo da baƙi daga magangarar ruwa. Aku ya sauko ƙarshe, gajere, siriri, rigarsa a goge kamar kullum, tutar a hammata. Mai Sawu ya dubi ƙafafunsa kafin ya dubi fuskarsa. Ƙananan ƙafafun mahaifiyarsu ne.

Ya ja shi bayan rumfa.

"Aku, yaron nan za a tafi da shi nan da awa ɗaya."

"Na ji, Yaya. Abin ba daɗi."

"Mijin Auta ne. Kai ka riƙa goya ta kana kai ta kallon hasumiya."

"Za su sake shi, ai ba su da ƙararrawar. Kwana biyu ne a manta."

"A garin nan? Har yau ana kiran jikan wanda ya saci akuya da sunan akuyar. Akwai abin da za ka gaya min?"

Aku ya buɗe baki. Mutumin da ba a taɓa jin ya rasa magana ba ya tsaya yana murza sandar tutarsa. Can ya ce, "Yaya, ka gaji. Ka je gida ka huta."

"Na gaji kam," in ji Mai Sawu.

Ya bar shi a nan ya nufi wajen Manaja. Tafiyar ba ta kai taku ashirin ba, amma a cikinta ya auna komai. In ya yi shiru, Auta ce za ta ɗauki kunyar da ba tata ba har tsufanta. In ya yi magana, ƙaninsa ne zai faɗi a gaban garin da ya yi shekara talatin yana tafa masa. Babu wanda zai ce ya yi ƙarya in ya ce sawu ya ɓace a kwalta. Shi kaɗai zai sani, shi da ƙasa.

*

Ya sa aka hau da kowa ta matakala: Manaja, Kofur riƙe da direba, Auta, Maƙeri da matarsa, da Aku. Suka tsaya a bakin kogo. 'Yan kallo suka cika ƙasa suna miƙa wuya.

"Baba, saura minti ashirin," in ji Kofur.

"Ya isa. Ni dai roƙo ɗaya gare ni. Shekara talatin ƙanina yana saukowa da baƙi ta hanyar nan, ban taɓa gani ba. Ina so ya sauko da mu yau, yadda yake yi kullum, ba ragi ba ƙari. Ku bi gefen dama, kada ku taka inda na sa duwatsu."

Manaja ta ɓata fuska, tana ganin tsufa ne ya fara taɓa shi. Aku kuwa ya dubi yayansa, yayansa ya dube shi. Sai ya gyara wuyan rigarsa, ya ɗaga tuta.

"Jama'a, a biyo ni a hankali, akwai santsi," ya ce da wata murya da Mai Sawu bai san shi da ita ba, mai faɗi, mai daɗin saurare. "Ta nan ayarin ya sauko da gari ya waye, bayan sun rataye ƙararrawarsu sun ce ba za su ƙara gaba ba."

Suka bi shi. Da ya iso gindin bishiya sai ya ɗan dakata, ya dubi 'yan duwatsun da aka jera a ƙasa. Kowa ya ga ya gan su. Da ya so, da ya miƙe kawai ya wuce. Sai ya juya ya fuskance su, ya ɗaga tutar ta saman kafaɗa.

"Ku dubi bayana. Waccan doguwar da ta karkace ita ce hasumiya."

Ya fara tafiya da baya. Kowane taku nasa yana sauka kusa da sawun da aka kewaye, tazara ɗaya, kwana ɗaya, kamar an auna da igiya. Mai Tsaraba ce ta fara ganewa, ta sa hannu ta toshe baki. Kofur ya daina duba agogo, leɓensa na motsi yana ƙirga. A na goma sha biyu dugadugin Aku ya taka falalen dutse. Babu wanda ya tafa.

"Ƙararrawar tana cikin tsagin dutse a bayan rumfar tikiti," in ji Aku, muryarsa ta dawo tasa ta gida. "Na naɗe ta da tsohuwar rigata don kada ta yi ƙara. Kofur, saki yaron nan."

"Malam Aku, kai?" in ji Manaja. "Don me?"

Ya zauna a kan dutsen, ya ɗora tutar a cinya.

"Lokacin da na fara aikin nan babu komai a kogon sai kashin jemage. In na hau da baƙi sai su leƙa su ce, shi ke nan? Su koma mota ba su sayi ko ruwa ba. Wata rana na ga ƙararrawar nan a wajen mai gwangwan, na saya, na rataye, na haɗa mata labari. Na ce ko mako ɗaya ta yi. Sai ga shi an buga ta a kati, an sa ta a allon bakin gari, 'yan makaranta suna haddace abin da na ƙirƙira a kan keke. Da na ji masaniya za ta zo, na san kallo ɗaya za ta yi mata. Na ce gara a ce an sace mana tarihi da a ce ba mu taɓa da shi ba."

"Takalmin mijina fa, Kawu?" in ji Auta.

"Na san in na sa nawa, Yaya zai gane ni tun daga bakin kogo. Na ɗauki wanda na gani a kife, ban lura da facin ba. Da safe na so in sauko da baƙi su tattake komai, aka ɗaure hanya. Da na ji an kama shi kuwa, 'yata, bakina ya mutu. Ba ni da abin da zan ce miki." Ya juya wajen yayansa. "Amma wallahi ban san na juya a bishiyar nan ba. Ni kaɗai ne, ga kaya a hannu. Ashe ƙafa ta yi abin da ta saba."

Auta ta kama hannun mijinta suka sauka. Ba ta kalli kawun nata ba.

*

Masaniyar ta iso huɗu da kwata, wata 'yar dattijuwa mai takalmin tafiya da jaka a baya. Aka kwance rigar aka nuna mata ƙararrawa. Ta juya ta sau ɗaya ta ajiye.

"Ta makaranta ce, ba ta fi shekara saba'in ba. Ai tun a hoto na gani. Ni ba don ita na zo ba, akwai alamar zane a bangon da ke bayanta, ƙarƙashin baƙin hayaƙi. Shi nake so in duba. Wa zai riƙe min fitila?"

Ta wuce sama abinta. Aka bar mutane suna kallon juna.

Kofur ya sosa ƙeya ya ce shi bai san yadda ake rubuta mutum ya saci abin da ya saya da kuɗinsa ba, in ofis na da ƙara su same shi gobe. Manaja ta ce babu ƙara. Ta ce da direba maganar mota tana nan, za su yi ta da safe, amma ya zo da makullinsa, akwai baƙin ɗauka. Sannan ta tsaya a gaban Aku ta miƙa hannu. Bai tambayi me take so ba, ya ɗora mata tutar.

Taron ya watse da kaɗan-kaɗan, kowa na sauri ya riga wani kai labari gari. Aka bar tsofaffi biyu a kan gangara. Mai Sawu ya ce shi gwiwarsa ba za ta iya saukar siminti ba, Aku ya ce a ƙasan hanyar nan ma akwai inda ruwa ya cinye, gara su koma bakin kogo su ɗauko sandar da yayan nasa ya manta a can. Suka hau tare, suka ɗauko sandar, suka juyo. Aku na gaba, hannunsa na dama a ɗan ɗage kamar har yanzu yana riƙe da wani abu.

A gindin bishiya ya juya. Sai da ya yi taku biyu da baya sannan ya farga, ya tsaya, kunya ta rufe shi. Ba kowa a gabansa sai yayansa da ya tona masa asiri, riƙe da sanda, da katin hoto a aljihu. A bayansa rana ta yi ƙasa, ta haska ganuwa da hasumiya.

"Yi haƙuri, Yaya. Sabo ne."

Mai Sawu ya cire tabaransa ya sa a aljihu. Yau dai ya gaji da kallon ƙasa.

"Ɗazu ƙafarka nake kallo, ban ji abin da kake faɗa ba," ya ce. "Ci gaba. Wace ce ka ce ta karkace?"